Baƙin da ya bar faratan Yaya Lawali ya koma na matarsa

Shekara huɗu ke nan da aka fita da makarar Yaya Lawali daga gidanmu na Tsafe, a irin wannan lokaci na kaka, ana tsakar girbin dawa. Na san yadda ake cika irin wannan shafi. A ce marigayi mai haƙuri ne, mai zumunci, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba, sai a rufe da addu'a. To duk haka yake, Allah Ya jiƙan shi. Amma ni ba yabo ya sa na ɗauki biro ba. Ya bar mata da ɗiya ɗaya, kuma shekara huɗu ke nan ana kiran matar mayya, ana janye yara daga kusa da ɗiyar. Maganar da ta kawo ni ke nan, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Yaya Lawali shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Aikinsa awon jini a wani asibiti a Gusau, tun garin bai zama babban birnin jiha ba. Yana zaune a Tudun Wada da matarsa Hajara, mutuniyar Rawayya ta ƙasar Bungudu. Da na gama sakandare aka tura ni wajensu, don Hajara ta samu ciki kuma laulayi ya sa ta gaba. Luba uwar gaggawa, haka yake kirana, wai ko tuwo ba na bari ya huce.

Na tarar ba shi da lafiya. Ya rame, yana tari, da yamma jikinsa ya yi zafi. A gida an ce shawara ce, an ce basir ne, kowa da tasa. Yana da wata kwalba mai duhu da yake ajiyewa cikin gwangwani, gwangwanin kuma a ƙasan akwati, wai maganin ba ya son haske. Kafso ne fari mai zobe shuɗi a tsakiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai faratansa ne. Dukkansu sun yi baƙi-baƙi mai ratsin shuɗi, kamar na mai aiki a marina. Na tambaye shi, ya ce aikin magani ne, in bar shi ya sha iska.

Bayan 'yan watanni, wata rana da hantsi yana alwala a tsakar gida, Hajara na gefe tana tsintar shinkafa, ni ina tsakaninsu ina wanke-wanke. Na dubi hannunsa. Daga gindin kowane farce wani fari ya fito tas, ya turo baƙin sama. Na juya na dubi hannun Hajara cikin faranti. Daga gindin kowane farce nata baƙi ya fara fitowa, irin nasa sak, har ratsin shuɗin. Lallen da take ƙunsawa bai rufe shi ba. Rana tsaka ce, kaji na ta kiwo, maƙwabta na sauraron rediyo, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Mako bayan mako na zuba ido. Baƙin na hawa yana fita daga yatsunsa, Yaya na yanke shi da reza yana zubarwa, baƙin kuma na tsirowa a nata. Shi yana ƙara ƙarewa, ita tana ƙara cika.

Na faɗi wannan ne don masu karatu su san cewa abin da mutanen gidanmu suka gani daga baya, ni na riga su gani, kuma ni ma na tsorata. Bambancin kawai, ni ba na iya ajiye tambaya a ciki ta kwana.

Na bi shi wurin aiki da kwanon abincin rana. Babu wuta a ranar, ɗakin awon shiru, sai warin sinadari. Na dire kwanon na ce, "Yaya, ko ka faɗa mani abin da ke faruwa a gidan nan, ko in hau mota in je in faɗa wa Inna abin da na gani."

Ya dube ni ya ce, "Rufe ƙofa, uwar gaggawa."

Ya jawo madubin awo kusa da taga, ya karkata ɗan madubin da ke ƙasansa har ya kamo hasken rana. Ya ɗora wani ɗan gilashi mai shafin jini, ya ce in sa ido. Na ga wasu 'yan ƙwayoyi ja-ja birjik, kamar an watsa gero a tabarma. Ya ce wannan jininsa ne na makon nan. Ya cire ya sa wani. Waɗannan ba su kai na farko yawa ba, amma kowace ta kumbura, ta yi ɓul-ɓul, kamar waken da ya kwana a ruwa.

"Wannan na Hajara ne," in ji shi. "Bara nawa ne haka. Maganin ga bai iya ɓoye gidan da ya shiga. Ko mutum ya rantse bai sha ba, jininai na tona shi."

A nan ya ambaci sunan cutar. Ƙanjamau. Shi ya auna kansa, shi ya auna matarsa, su biyun duka suna da ita. Kada wani ya tare ni a hanya ya tambaye ni inda ya samo ta. Mutum ne da ya yi shekaru hannunsa cikin jinin jama'a da allurai, wani lokaci ko safar hannu babu. Ban sani ba, ban tambaya ba, kuma wanda ya fi mu sani ya riga ya karɓi bawansa.

Maganin kuwa sunansa zidobudin, likitoci na taƙaita shi su ce AZT. Wani abokin karatunsa da ke aiki a ƙasar waje ya taimaka ya samo masa, bayan ya sayar da babur ɗinsa da gonar da ya gada. Abin da ya samu na mutum ɗaya ne, na 'yan watanni. Ya yi mini bayaninsa a ranar, kuma ban manta ba, don da abin wuyana ya yi misali. Ya ce ƙwayar cutar in ta shiga cikin ƙwayar jikin mutum, sai ta zauna tana shirya kwafin kanta, kamar mace na zura duwatsu a zare, ɗaya bayan ɗaya. Shi maganin kamarsa ɗaya da ɗaya daga cikin duwatsun, har cutar ba ta bambancewa. Sai dai shi ba shi da mahaɗi ta ɗaya gefen. Da ta ɗauke shi ta zura, shi ke nan, babu abin da zai sake hawa bayansa, shirin ya tsaya. Ya ce a barce yake shiga jiki, sai ƙwayar jikin mutum da kanta ta tashe shi kafin ya fara aiki. Ba ya daɗewa a jini, hanta ta sarrafa shi ya bi fitsari, shi ya sa ake shansa sau da yawa a yini. Kuma ba cutar kaɗai yake taɓawa ba. Yana shiga ɓargo, inda ake ƙera jini, shi ya sa ƙwayoyin ke raguwa suna kumbura. A jikin baƙar fata kuma yakan rina farce.

Akwai abin da ya faɗa da har yau in na tuna nake jin wani iri. Ya ce ba don wannan cuta aka fara haɗa maganin ba. Don ciwon daji aka yi shi, bai yi aiki ba, aka ajiye shi a kanta aka manta. Ya yi shekaru kusan ashirin a kwance cikin duhu, kafin a san da cutar da zai yi wa amfani. "Kin gani," in ji shi, "ya riga ciwon zuwa, ya zauna yana jira."

Na ce to me ya sa ya daina sha ya bar wa Hajara. Ya ce don cutar ba wawuya ba ce. In maganin shi kaɗai ne, bayan wani lokaci takan gane dutsen bogi, ta riƙa tsallake shi. A jikinsa abin da zai saya masa bai wuce watanni ba. Amma ya karanta a takardun aikinsu cewa in mai ciki ta sha, sau da yawa yakan tare cutar kada ta kai ga abin da ke cikin. Ba kullum ba. A can ƙasashen har a ruwan allura ake sa wa mace lokacin naƙuda, a kuma ba jariri nasa na ruwa, su kuwa kafso kawai gare su. Ya ce, "Rabin katanga muka gina, Luba. Amma watannina da rayuwar yaro, wanne kike gani ya fi nauyi a sikeli?" Na ce masa wannan ba lissafi ba ne, hauka ce. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya buɗe kwanon abincin, ya kasa ci.

Ya sa na yi rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba sai da yardar Hajara.

Da damina ta haihu, mace, aka sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. A nan ne abu ya fara lalacewa. Yaya ya hana a ba ta nono ko sau ɗaya, don cutar na bi ta nono. Madarar gwangwani aka riƙa dama mata da tafasasshen ruwa. Matan da suka zo wankan jego daga Tsafe suka dubi juna. A garinmu kowa ya san abin da ake sha a nono wanda uba zai ji tsoron ɗiyarsa ta sha.

Da jikinsa ya yi tsanani aka ɗauko shi aka dawo da shi Tsafe, Hajara ta biyo shi da jaririya. Gwaggo Ige, yayar babanmu, ita ta fara furtawa. Ta kama hannun Hajara a gaban mata, ta juya shi, ta kama na Yaya da ke kwance a tabarma, ta jera su. Nasa fari fat, sai ɗan baƙi a baki-baki. Nata baƙi har rabi.

"Ku duba da idonku," in ji ta. "Da sallar bara wa ad da baƙin ga? Yanzu wa ad da shi? Ta tsotse shi har akaihun yatsu. Shi kuma ya sani, shi ya sa ya hana ɗiyatai nono."

Ina so masu karatu su yi wa Gwaggo Ige adalci kafin su zage ta, ni na riga na zage ta iya zagi. Duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Baƙin ya bar shi ya koma wa matar. Shi ya bushe ita ta yi kyau. Ya hana nono. Ba ta ƙara ko ɗaya daga kanta ba. Amsar ce kawai ta ɗauko daga inda kakanninta suka ajiye mata.

Aka ce sai Hajara ta tsallake shi, yadda ake sa maye ya saki kurwar wanda ya kama. Da la'asar ne, rana ta yi ja a kan katanga. Aka fito da shi tsakar gida, aka shimfiɗe. Gidan ya cika da mata amma ba ka jin ko tari. Ni na buɗe baki zan fasa ƙwan kowa ya huta, sai ya ɗago ido ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Tsallaka, Hajara. Ba komi. Ki dai yi a hankali, kada ki taka ni, ba ni da nama." Ta tattare zanenta ta tsallake shi sau uku. Ba ta yi kuka ba. Inuwarta ce ke wucewa a kan fuskarsa tana dawowa, shi kuma idonsa a buɗe yana kallon sama.

Abin da ya ƙarasa mu shi ne, washegari ya tashi zaune. Ya sha fura, ya nemi a kawo masa rediyo, ya yi wa Ummi wasa. Kwana biyu yana haka. Daga baya na ji ma'aikatan asibiti na cewa masu doguwar jinya kan yi irin wannan sauƙi dab da tafiya. Amma a gidanmu an gama shari'a. An ce ta saki kurwar, sannan ta sake kamawa. Ya rasu a cikin makon.

Hajara ta yi takaba a ɗakin da ba mai shiga sai ni. Da ta fita, ta goya Ummi ta koma Rawayya, labarin kuma ya riga ta isa. Inna ba ta raka ta ko zaure ba. Hausawa sun ce in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa, kuma Inna ta riƙe wannan karin magana kamar don ita aka yi shi. Tun ranar ba ta sake sa takwararta a ido ba.

Sau nawa na je Rawayya na ce wa Hajara ta sake ni daga rantsuwar nan. Amsarta ɗaya ce. Mayya ana tsoronta, amma ana sayar mata da gishiri, ana amsa sallamarta don gudun sharrinta. Mai ƙanjamau kuwa ko kofinta ba a taɓawa, ɗiyarta kuma an yi mata kabari tun tana raye. Gaba kura, baya siyaki, ta zaɓi wanda take ganin ɗiyarta za ta iya rayuwa a ƙarƙashinsa. Na ce to a auna yarinyar mana. Yaya ya faɗa mana jinin jariri na ɗauke da shaidar uwa har wajen shekara ɗaya da rabi, bayan nan awo na faɗin gaskiya. Ummi ta wuce nan tuni. Hajara ta ce muddin ba a auna ba, ɗiyarta lafiyarta lau. Na yi faɗa, na yi fushi, na daina zuwa, na sake komawa.

Wani lokaci nakan zauna in ce, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Gusau ta zama babban birni, ofisoshi sun tsiro, motocin gwamnati na ta kaiwa da komowa a titin da yake bi da babur. A rediyo muna ji ana cewa a ƙasashen Turawa yanzu magani uku ake haɗawa, nasa na ciki, don in cutar ta gane ɗaya ba za ta gane sauran ba, har waɗanda aka fid da rai da su suna tashi suna komawa aiki. Na san dariya zai yi, ya ce shi ya yi sammakon ciwo, uwar gaggawa ta shafa masa halinta. Amma dariyar ba za ta yi nisa ba, don zai tambaya ko ukun nan sun iso Bungudu. Ba su iso ba. Ko ɗayan ma da ya sani bai iso ba. A asibiti har gobe ana sallamar irinsu da cewa a koma gida a yi na Hausa.

Bana Hajara ta fara ramewa. Faratanta sun daɗe da washewa, tun da maganin ya ƙare da haihuwa, amma tarin da na sani ya zo. A Rawayya an ce waɗanda ta ci ne suka taso mata. Ita ta aiko a kira ni wannan karon. Na same ta a bakin ɗaki, Ummi na wasa ita kaɗai da gwangwanaye a gindin bishiyar bedi, yaran gidan na can ɗaya gefen.

Ta ce, "Luba, na yi lissafi ban yi shi daidai ba. In na mutu mayya, wannan ta gaji maita har jikokinta. Ba mai aurenta, ba mai cin abincinta. Kai ta a auna. In tana da shi, mu yi shiru, ta bi mu da sunan da ta saba. In babu, ki rubuta duka, har sunan ciwon. Ni na kusa gama jin kunya."

Na kai ta Gusau, ɗakin awon nan dai. Tagar na nan, madubin awon na nan inda yake, wani ne kawai a kan kujerar. Wani dattijo da suka yi aiki tare da Yaya ya fito, ya dubi yarinyar, ya tsaya cak. Ban gaya masa ko ɗiyar wa ce ba. Ya ce, "Wannan goshin na san shi." Da kansa ya ɗebi jinin. Ummi ba ta yi kuka ba, kallon sirinjin kawai take yi yana cika. Aka ce mu dawo. Da muka dawo ya ce sau biyu ya auna don ransa ya kwanta. Babu. Jininta wanke yake tas.

Ban san ko maganin ne ya tare ba, ko hana nonon, ko dama Allah bai rubuta mata ba. Yaya da kansa zai ce ba a iya rantsuwa a kan mutum ɗaya. Abin da na sani shi ne, mutumin nan ya ɗauki watannin da suka rage masa ya zuba su a cikin wata, ya kwanta aka tsallake shi kamar gawa yana raye don kada a ambaci ciwon matarsa. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari yarinya ce 'yar shekara huɗu mai goshinsa, mai taurin kai, wadda ba ta gaji cuta ba kuma ba ta gaji maita ba, don babu maitar da za ta gada.

Kafin in aiko da wannan rubutu na je Tsafe na faɗa wa Inna baki da baki, don bai kamata ta ji a bakin masu karanta jarida a tasha ba. Tana sussukar dawa na same ta. Na faɗa mata tun daga kwalba har awon Ummi, ban rage ba, ban sassauta ba. Ta ajiye abin da ke hannunta.

Sai ta ce, "Ke nan ko ƙwara ɗaya bai rage ma kainai ba?"

Na ce ko ɗaya.

"Kuma ni na riƙe mata mayafi ta tsallake shi."

Ban ce mata "ba komai" ba, don da komai. Ta share fuska da gefen zane, ta dubi ƙofar ɗakin da Hajara ta yi takaba, wanda har yau ba mai kwana a ciki. Can ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, wai yarinyar da wa take kama.

Na ce, "Inna, motar Bungudu ba ta ƙare a tasha ba. Kuma uwarta ba ta da lokacin jiran ki gama sussuka."

Ta miƙe ta shiga ɗaki neman takalmanta.